Masu Kwali a Teburin Mai Shayi

Bayan Isha'i, teburin mai shayi a Garo yakan koma ma'aikatar marasa ma'aikata. Duk sun gama bautar ƙasa, alawi na naira 77,000 ya yanke, kakin ya zama kayan zuwa gona na ƙannensu.

Ga mai fayil. Ambulan ɗinsa ya sha hammata har ya yi laushi kamar tsohuwar naira hamsin. Kowace Litinin ya hau motar Kano, ya sauka Kabuga, ya nufi Sakatariyar Audu Bako, masinja ya ce masa oga ya shiga mitin. A dawowa, in mota ta zo ƙofar sabuwar Jami'ar Bayero, sai ya kau da kai kamar ya hango mai binsa bashi.

Sai mai Honorabul, wanda ya fi ba ni tausayi don ya fi kowa fara'a. Shi ba neman aiki yake ba, jira yake. Ai mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Sau ɗaya tak suka gaisa da mutumin, a wajen ɗaurin aure a Gwarzo, ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Ɗana, kawo takardunka." Hoton wannan dafawar ne a fuskar wayarsa har yau. Ya riga ya zaɓi unguwar da zai kama haya a Abuja, ya kuma yi wa abokai biyu alkawarin zai ja su. Lambar da aka ba shi kuwa ta direba ce, direban ma an sallame shi tun bara.

Mai cika fom ba ya barci. Kwastan, Shige da Fice, Sibil Difens, duk ya nema. Kullum da safe yakan jingina da bango ya auna tsayinsa, ko Allah ya sa an samu ƙari cikin dare. Yayansa ya ci N-Power a 2016, dubu 30 a wata, don haka a gidansu an yarda intanet na haihuwa.

Mai POS ya karanci tattalin arziki, yana ƙarƙashin lema a bakin titi. "Na ɗan lokaci ne, kafin a kira mu." Lema ta uku ke nan rana ta cinye.

Akwai kuma wanda ke sulalewa noman rani bakin dam ɗin Guzuguzu tun da asuba, ya dawo ya goge kaushi da dutse don kada a gane. In an tambaye shi, sai ya ce yana harkar "agiro". Jiya shi ya biya wa teburin duka, har da ƙwai. Mai shayi ya buɗe littafin bashi, ya dubi mai Honorabul ya ce, "Ranka ya daɗe, tsohon lissafin fa, mu jira Abuja?"