Ranar da Na Ɗauki Bashin Baba a Wuyana

Ranar da Allah ya yi wa Baba rasuwa, an jera sahu a ƙofar gida kafin a wuce maƙabartar Ɗandolo, sai liman ya yi cigiyar da aka saba: duk mai bin marigayi bashi, ko wanda marigayi yake bi, ya nemi iyalansa. Da na sani da na yi shiru kamar ƙannena. Amma ni ne babban ɗa, ga layi ya cika maƙil, sai na ɗaga murya na ce, "Duk mai bin Baba ko sisin kwabo ya zo wurina, yana wuyana!" Baffa ya taka mini ƙafa. Na ɗauka cunkoso ne.

Kafin sadakar uku zaurenmu ya koma kasuwar Kurmi. Mai shayi ya zo da lissafin burodin wata huɗu, mai goro ya biyo shi, tela ya kawo wata riga da babu wanda ya taɓa ganin Baba da ita. Sai wani tsoho daga ƙauye, wai Baba ya karɓi ragon layya a hannunsa tun zamanin Shagari, a 1982. Na ce masa, "Baba, nawa ne kuɗin?" Ya ce shi ba kuɗi yake so ba, rago yake so, kuma in gode wa Allah da ba tunkiya ba ce, don da yanzu ta zama garke. Masu bin Baba suka kai mutum 17. Waɗanda Baba yake bi kuwa, ko ƙeyar ɗaya ban gani ba.

Duk wannan bai hana ni lissafin dokin rano ba. Ga gida, ga gona, ga shanu biyu a wurin Bafulatani, na yanke wa kaina miliyan guda, don a ganina babban ɗa ba zai tashi daidai da auta ba. Bayan sadakar bakwai na je na karɓo sabon babur bashi a kan Naira 700,000, na ce wa mai shi ya jira a raba gado.

Baffa ba ya son a ji mu a kotu, sai ya ɗauko wani tsohon alƙalin kotun Musulunci da ya yi ritaya. Malam ya zauna a kan buzu ya ce kafin magaji ya taɓa ko allura, sai an fitar da kuɗin likkafani, an biya bashi, an zartar da wasiyya. Ya juyo gare ni ya ce, "Yaro, abin da ka faɗa a wurin salla lamuni ne. Da dukiyar ba ta isa ba, da kai za ka cika." Nan na gane dalilin taka ƙafar.

Sai ya koma kan masu bin bashi. A Malikiyya, in ji shi, mai da'awar kuɗi sai ya kawo shaidu biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwa, kuma tunda wanda ake ƙara ba zai tashi ya kare kansa ba, akwai wata rantsuwar ƙari. Aka ɗauko Alƙur'ani. Mutum 17 suka koma 6. Mai rago ya tuna motar garinsu ba ta kai la'asar.

Ina cikin murna sai Inna ta fito da wani littafi daga ƙasan akwatin Baba, rubutun ajami tsaf. Baba mutum ne mai yawan tuna mana ayar bashi ta Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta yi umarni da a rubuta. Malam ya buɗe. Duk sunayen waɗanda Baba yake bi an soke su, an biya, sai guda ɗaya: nawa. Naira 350,000, kuɗin lefen aurena, har da sa hannun Baffa a matsayin shaida.

Da bashina, dukiya ta cika miliyan 6. Aka cire miliyan 1.2 na masu gaskiya. Baba ya yi wasiyyar rabin dukiyarsa ga masallacin unguwa, Malam ya ce sulusi ne iyaka sai in magada sun yarda, kowa ya sunkuyar da kai, aka cire miliyan 1.6. Inna da abokiyar zamanta suka raba tumuni, 400,000. Ragowar miliyan 2.8 aka kasa mana, maza 5 mata 4, namiji rabon mace biyu. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina rabon girma?" Ya ce girma na zama a gaban tabarma ne. Ni 400,000, auta 400,000. Aka zare bashina, Baffa ya ƙirgo mini Naira 50,000.

Washegari mai babur ya yi sallama da takarda da biro da shaidu biyu. Na sa hannu zan riƙa biya wata-wata. Har ya kai soro ya juyo ya ce, "Ba fata nake ba, amma in ta Allah ta kasance, cikin 'ya'yanka wane ne babba?"