Shirun Dillalin Littafi

A Landan da New York, marubuci ba ya saɓa rubutunsa ya doshi babban kamfanin ɗab'i kai tsaye. Sai ya bi ta hannun dillalin littattafai, sana'ar da A. P. Watt ya kafa a Landan wajajen 1875. Dillali ya tallata, in an saya ya zare la'adarsa, galibi kashi 15 cikin ɗari. A kara, dillali ke bin mai shanu da gudu. A wannan kasuwa kuwa, mai kaya ke tuɓe takalmi ya durƙusa.

Da wasiƙa ake neman dillalin, shafi ɗaya tak. Babu ina kwana, babu ina gajiya, babu ya iyali. Sunan littafi, yawan kalmominsa, abin da ya ƙunsa, sai wassalam. Wanda ya saba cinye minti goma a gaisuwa, kafin ya iso kan labari shafi ya ƙare.

Ladabi dai ana zuba shi kamar ranar neman aure. Marubuci ya rantse duk duniya ba shi da gwani sai wannan dillali, alhali wasiƙar nan mutum hamsin ya tura wa a dare ɗaya. Asiri kan tonu ne ranar da ya manta bai sauya suna ba, Malam Wane ya buɗe saƙo ya tarar ana kiran sa Malama Wance.

Dillali ma ba baya ba. Bayan wata uku sai amsa ta iso: ya ji daɗin karatu ƙwarai, sai dai labarin bai dace da shi ba, amma tabbas wani zai so. Wanin nan, har yau ba a gano unguwarsu ba. Marubuci ya haɗiye yawu ya rubuta "na gode da kulawa", zuciya na ta jan Allah ya isa. Gara hakan, domin wanda ya mayar da zagi ya manta dillalai sun san juna, kuma saƙon intanet ba ya ruɓewa.

Daga nan sai marubuci ya kama wuridin J. K. Rowling: ai kamfanoni 12 suka ƙi Harry Potter kafin Bloomsbury ta buga shi a 1997! Ba mai son tuna cewa ita a lokacin tana da dillalinta, Christopher Little. Marubucin namu ko zauren bai samu shiga ba.

Mafi iya ladabi su ne dillalan da ke sanarwa tun farko: in ka ji shiru, to a'a ke nan. A wajen neman aure an ce shirun budurwa amincewa ne. Kada wannan ya ruɗe ka, malam marubuci. In wata shida ta wuce ba labari, kar ka sayi goron ɗaurin aure.