Masu Tayin Rago a Waya

Lokacin da Turawa suka fara gwanjo a intanet, mu a Gummi ko wayar hannu ba mu taɓa riƙewa ba. A 1995 aka buɗe eBay a Amurka, Yahoo da Amazon suka biyo baya da nasu gwanjon kafin shekarar 2000, masu kaya suna ta ƙaura daga wannan rumfa zuwa waccan don gudun la'ada. Mu sai a 2001 GSM ta shigo Najeriya, kuma kafin sabis ya zauna da gindinsa a yammacin Zamfara an sha jira. Namu zamanin farkon ya kama ne daga wajen 2012, da OLX ta shigo, Jiji ta biyo ta a 2014, suka yi ta ja-in-ja har Jiji ta saye harkar OLX ta Najeriya a 2019. A tsakanin nan duk mai ragon turke ko tsohon Boxer daga Anka zuwa Ɗaki Takwas ya gano cewa yana iya baje kaya a kasuwa huɗu lokaci guda: shafukan nan biyu, da Facebook, da zaurukan WhatsApp. Magabata sun hana cinikin biri a sama. Mu muka mayar da shi sana'a, muka kuma haɗu da jama'ar da ke cikinta.

Na farko dai kowa ya san shi. Ka rubuta farashi a saman hoto, ka maimaita a ƙasa, ka ƙara da cewa ba ragi. Shi zai zo ya rubuta: "Nawa?" Ka ba shi amsa, ba za ka ƙara jin ɗuriyarsa ba sai kaya na gaba. Ƙanensa shi ne mai "Masha Allah, Allah shi kawo kasuwa." Bai taɓa sayen ko igiyar ɗaure akuya ba, amma ba na ƙinsa, addu'a ma kaya ce.

Akwai mutumin Legas, wanda ya fi yawa a shafukan talla. Shi da Turanci yake zuwa, kalma biyu rak, yana neman farashin ƙarshe tun kafin a yi na farko. In kun daidaita sai ya tambaya ko zai iya zuwa ya gani da yamma. Ka ce kana Gummi. Ya ce Gombe? Ka ce Gummi. Ya ce Gumel? Ka ce Zamfara. Daga nan waya kan mutu.

Amma gwanin gwanaye, wanda in na tuna shi nakan yi dariya ni kaɗai a kan babur, shi ne Alhaji mai murya. Baba Alhaji ba ya rubutu. Ba don bai iya ba, yana da ajami mai kyau. Shi dai a ganinsa magana da yatsa raini ce. Saƙonsa na murya kan iso da dare, kuma kafin ya sauka sai ka fita ƙofar gida ka ɗaga waya sama kana juyi. Ya sauka, ka kara a kunne.

"Assalamu alaikum warahmatullah. Ɗana mai rago, an wuni lahiya? Ya iyali? Ya tsohuwa, da sauƙi dai? Ya haƙuri da wanga hali da muke ciki?"

Gaisuwar nan za ta ci minti biyu, kuma yakan ɗan dakata bayan kowace tambaya, ya ba ka damar amsawa ko da yake ba ka nan. Sai wani ya wuce, ya bar ka ya gaisa da shi, ku duka biyu a cikin saƙon. Sai ya tsawata wa jika ta ɗauke buta daga hanya. Sai ladan ya kira salla, ka saurare shi yana amsawa har ƙarshe, da addu'ar bayan kiran salla. A daƙiƙa goman ƙarshe ne zai ce, "To, batun ragon nan, mu yi magana gobe in Allah ya kai mu."

Gobe ta yi, aiki ya fara. Yana son bidiyo ragon na tafiya, don ya ga ko yana ɗingishi. Ka yi. Yana son ka buɗe bakinsa ya ƙirga haƙora. Ka nemo yaro ya riƙe ƙaho, kai ka riƙe waya da hannu ɗaya da leɓen rago da ɗayan. Yana son ya ji kukansa. Rago kuwa ba ya kuka don an ce ya yi, sai ka ɗauke masa harawa daga gaba ka tsaya jira. Yana son sanin uda ne tsantsa ko da jinin balami, uwarsa daga ina, dusar gero yake ci ko ta masara, an taɓa ba shi maganin tsutsa. Sannan ya zo da buƙatar da har yau ban ga ta biyunta ba:

"Ɗana, ka aza hannu bisa ƙugunai ka matsa, ka hwaɗa mani tsakaninka da Allah mi kaj ji."

Wato ni mai sayarwa, in ara masa hannuna, in ji masa kitse, in ba shi rahoto. Na matsa, na ce, "Baba Alhaji, ranka shi daɗe, akwai nama." Ya ce haka shi ma ya yi zato.

Tayinsa rabin kuɗi ne cif. Ka ce albarka. Sai wani saƙon ya iso, mai tsawo, a kan yadda ya sayi rago ya fi wannan a zamanin Shagari da kuɗin da yau ba su sayen katin waya, da sunan dillalin, Allah ya jiƙansa, da yadda suka kore shi a ƙasa har gida. Ya ƙara ɗan abu. Ka ce albarka. Ya ce bari ya yi shawara da uwargida. Ana saura kwana biyu salla gaskiya ta fito: shi ma yana da rago a turke, kusan sa'an nawa, yana son ya san yadda kasuwa take ne kafin ya sa nasa. Kuma in ba damuwa, ko zan bar shi ya yi amfani da bidiyon nan na tafiya, tunda sun yi kama?

Ba na iya fushi da shi. Kowane saƙo da addu'a yake rufe shi, ga iyayena, ga zuriyata, ga ragon kansa. A Satumban 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, aka kuma rufe kasuwannin mako da safarar dabbobi, kasuwar ƙasa da ta waya suka mutu lokaci guda. Mutane har ƙetarawa suke yi jihohin maƙwabta don su tura saƙo ɗaya. Da sabis ya dawo mana wajen ƙarshen shekarar, abin da ya fara shigowa wayata tarin muryoyin Baba Alhaji ne, yana tambaya ko lahiya ya ji shiru.

Shi kuma mai bincike, kasuwannin nan masu gasa da juna su suka haife shi. Yakan zo da hujja. "Malam, ka yi tsada. Ga irin babur ɗinka sak na gani a wani shafin, an rage dubu goma." Ya turo hoto. Babur ɗina ne, a jingine da katangar gidanmu, ga ma takalmin ɗana a gefe. Kowa ya san akwai kuɗin baƙo akwai kuɗin gida, kuma mai hankali ba ya sa farashi ɗaya a shafin da 'yan Abuja ke gani da zauren da surukinsa ke ciki. Sai ka rasa yadda za ka yi: ka kushe wancan mai babur, ko ka yarda kai ne.

Da shi da dillalin iska tafiyarsu ɗaya. Dillalin iska ba shi da kaya, ba shi da rumfa, ba ya ko tashi daga tabarma. Hotonka yake ɗauka ya ƙara nasa a kai ya watsa a zauruka goma. In an samu mai saye ya kira ka yana huci, wai shi ya sha wahalar tallan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wani daga cikinsu ya taɓa yi mini tallan injin ban-ruwa nawa, ya rantse na wani ma'aikaci ne da aka yi wa canjin wurin aiki.

Kawu ba ya tayi a fili. Kira yake yi. "Ashe kana da kaya ba ka hwaɗa mani ba, sai a waya zan gani?" Daga nan an shiga kuɗin zumunci, wanda rabinsa yanzu ne, rabin kuma sai kaka, ba a dai faɗi ta wace shekara ba.

Mai zinari daga wajen Bagega ya fi kowa daɗin ciniki, in ka same shi a satin da rami ya yi kyau. Ba ya tayi, yana ma jin kunyar a ce ya nemi ragi. Bayan wata biyu zai dawo maka da wayar da ya saya, fuska a fashe, yana neman ko nawa ne.

Hajiya mai atamfa da turaren wuta ta gane abin tun kafin mu. Tallan da a da 'yar yarinya ke yawo da shi gida-gida, yanzu yana kan waya, hoto arba'in a jere, kuma ba ta taɓa rubuta farashi. "Mai so ya biyo ni ta gefe." Ta gefen nan ake auna mutum: matar ciyaman da kuɗinta, amaryar malamin makaranta da nata.

A zaurukan da ake gwanjo na gaske, inda shugaban zaure kan ce za a rufe tayi ƙarfe tara na dare, can ake ganin hali. Akwai mai laɓewa, ba ya cewa uffan sai tara saura minti ɗaya ya ƙara ɗari biyar ya kwashe. Masu gwanjon eBay sun sha fama da irinsa tun farko, har manhajoji aka ƙirƙira don wannan aikin. Namu da babban yatsa yake yi, da addu'ar kada sabis ya ɗauke. Akwai abokin mai kaya, wanda ke ƙara kuɗi ba don zai saya ba, sai don ya zuga na gaba. Malamai suna kiran wannan najashi, kuma haramcinsa ba ɓoyayye ba ne, amma ranar da tayin ya tsaya a kansa ita ce ranar kallo. Akwai wanda ya ci gwanjo da dare, da safe ya ce yaro ne ya taɓa wayar. Yaron nan ya iya lissafi, don sau shida ya ƙara, kowane da dubu biyu.

Sai masu ɗaukar hoto. Waɗannan suna durƙusawa ƙasa, waya a daidai gwiwar rago, su sa mafi ƙanƙantar yaro a gidan ya riƙe igiya, rago ya fito kamar ɗan maraƙi. Ana wanke shi da sabulu tun da safe, a jira hasken la'asar. Ban ce da kyau ba. Amma in za a yi, gara a tsayar da shi kusa da gajeriyar ƙofa, kuma yaron kada ya wuce shekara huɗu.

Duk waɗannan ina iya zama da su a shayi. Akwai ɗaya da ba na yi wa dariya, shi ne mai alat na bogi.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, har tsofaffi sun koyi karɓar kuɗi ta waya, sun kuma koyi cewa wani lokacin saƙo kan iso kuɗin su makara. A wannan ramin yake zaune. Ba ya tayi da yawa, sallamarsa cikakkiya ce, hoton da ke kan lambarsa na Ka'aba ne. Yana sauri, wai mota na tasha za ta tashi, direba na jira. Ya turo saƙo mai kama da na banki, da hoton rasit, ya ce sabis ne, kuɗin suna hanya, "ai mu Musulmi ne." Yaron mota ya zo ya ja rago.

Na san wata tsohuwa a ƙasar Bukkuyum, mijinta ya rasu, gonarsu tana inda ba a iya zuwa yanzu. Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane abin da rago ɗaya a cikin gida yake nufi ba. Garke a daji ya zama abin tsoro, noma sai wanda ya samu hali, abin da ya rage shi ne dabbar da za ka ɗaure a bayan ɗaki ka ciyar da ita da hannunka. Wata takwas tsohuwar nan tana saya wa ragonta dusa da kuɗin ƙuli-ƙuli. Jikanta ne ya ce kada dillalai su ci da guminta, ya sa hoton a waya. Mai alat na bogi ya turo saƙonsa, aka ja ragon. Washegari suka je wurin mai POS, ya duba, ya sake dubawa, ya juya musu fuskar na'urar. Lambar mutumin a kashe. Shi bai fasa ƙofa ba, bai riƙe bindiga ba, watakila ma ya yi layya da ragon ya raba wa maƙwabta nama. Aka watsa gargaɗi a zauruka, aka yi ta Allah wadai kwana biyu, masu "ai da kun tambaye ni" suka yi nasu, aka koma tallan takalma. Ya sayi sabon layi. Ba na shakka yana cikin wani zauren yanzu haka yana amsa sallama.

Jikan ya daina sa kaya a waya, ya koma bin motar kasuwa. Da na je yi mata jaje na fara 'yan kalaman da aka saba, cewa a yi haƙuri a yafe, Allah zai musanya. Ta ce haƙuri ta yi, don ba ta da yadda za ta yi. Yafiya kuwa, ya zo da kansa ya nema.