Zanin Gado Mai Roba da Katifar Uwargida

A Tungan Maje nake zaune, bakin titin da ya taso daga Zuba ya nufi Gwagwalada, inda mu da kuɗin hayar cikin Abuja ya koro muke fakewa. Surukata za ta zo daga Katsina, uwargida ta ce ɗakinmu za a bar mata, don haka a sabunta zanin gado. Na shiga mota sai kasuwar Suleja.

"Alhaji, wanne za a kawo, na shimfiɗawa ko mai roba?" in ji mai shago. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na amsa.

Ni mutum ne mai birgima a barci. Na shimfiɗawa, kome cusa bakinsa da aka yi ƙarƙashin katifa, kafin asuba ya dawo wuyana. Mai shago ya ja robar ya saki, ta yi tas, ya ce wannan ko dambe aka yi a kansa ba ya motsi. Ya tambayi girman gado, na ce ƙafa 6 tsawo, ƙafa 6 faɗi. Ya sa a leda, na biya.

Abin da bai tambaya ba shi ne kauri. Zanin an ɗinka shi ne don katifa mai inci 8 ko 10, irin ta masu sauƙin kai. Tamu kuwa cikin kayan ɗaki ta zo, kuma kowa ya san iyayen amarya ba don barci suke sayen katifa ba, don 'yan ganin ɗaki suke saye. Inci 20 ce. Ƙaramar 'yarmu sai da kujera take hawa.

Kusurwa ta farko ta shiga lafiya, ta biyu da ɗan nishi. Ina jan ta uku, ta farko ta fizge. Na koma kanta, ta biyu ta yi sallama. Na kira yara na raba musu aiki, kowa ya zauna kan kusurwarsa, na aika a kira maƙwabcina, wanda sana'arsa ɗaure lodin ayaba da lemo a kasuwar Zuba. Ya duba, ya cire hula, ya ce a danna katifar daga tsakiya. Aka danna, aka ja, zani ya shiga, sai dai katifar ta lanƙwashe, gefunanta suna kallon silin.

"Malam, a haka za ka kwantar da Inna?" in ji uwargida daga bakin ƙofa.

Na ce da kaina zan fara gwadawa. Daren nan ba wuta, ga zafin watan Maris. Wajen ƙarfe biyu na yi juyina na kullum, sai na ji fau! Kusurwa huɗu suka saki lokaci guda, suka haɗu a kaina, roba ta tsuke. Na zama kamar alala a ganye. Ina salati, ina shure-shure, uwargida ta hasko ni da fitilar waya, dariya ta hana ta miƙo hannu.

Ninkewa kuma wata fitina ce. Abin ba shi da baki, ba shi da kusurwar kamawa, duk yadda ka bi da shi ƙunshi yake komawa. Na mayar wa mai shago, ya ce kayan da aka kwana a ciki ba ya dawowa. Na ce ban kwana a ciki ba, shi ya kwana da ni.

Inna ta iso, ta dubi tsayin katifar, ta ce gwiwarta ba za ta iya hawa dutsen Zuma ba, a ba ta tabarma.

Zanin yanzu yana rufe bakin duron ruwa a tsakar gida, ya zauna ɗas, ko ƙura ba ta shiga. Mai ruwan unguwarmu har ya tambaye ni inda ake sayar da irinsa.