Yadda Ake Kamo Landan Ba Tare Da An Mari Rediyo Ba

Malam, sauke hannunka tukuna. Na san abin da kake shirin yi. Mai karanta labarai ya ce "shugaban ƙasa ya bayyana cewa", sai rediyo ta ɗauki shuuu, kai kuma ka ɗaga tafi za ka kai mata mari a ƙeya. Yi haƙuri, ba laifinta ba ne. In ka ga ta dawo bayan marin, dama tana kan hanyar dawowa, ko kuma batir ne ya saki, shi kuwa maganinsa 'yar takarda da za ka naɗe ka cusa ta danne shi. Sauraron gajeren zango sana'a ce mai ƙa'idoji, kuma wanda ya iya su zai sha labarin duniya daga tsakiyar daji ba tare da ya sayi data ta ko sisi ba.

Mu fara daga kasuwa. Kada fitilar da ke goshin akwatin ta ruɗe ka, ko ramin sa memori, ko rubutun da ke cewa tana da zango goma sha biyu. Nemi haruffa biyu kawai, SW. In babu su, ka sayi abin jin waƙa ne. In akwai, murɗa maɓallin neman tasha ka ji yadda yake a hannu. Wanda ke juyawa sakaka, allura ta yi tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, zai sa ka furfura kafin lokaci. Mai ɗan nauyi kake so, wanda allurarsa ke tafiya a natse. Daga Kchibo ta talaka har tsohuwar National ko Sony da aka gada wajen kaka, gwajin ɗaya ne. Sannan kada ka yarda a gwada maka a cikin shago, inda caja hamsin ke jone, janareta na ruri a bayan kanta. Ce wa mai shagon, "Alhaji, ba ni minti biyu in fita da ita waje." In ya hana, je shago na gaba. In aljihunka da nauyi, sayi mai allon lambobi irin su Tecsun, ka danna lamba tasha ta fito. Amma ka sani dattawan majalisa za su dube ka a matsayin wanda ya shigo ta taga.

Sai batir. Mai kan damisa dai kowa ya san shi. Shanya shi a rana da gartsa masa cizo duk mun gani, kuma gaskiya yakan ɗan farfaɗo na 'yan mintoci, amma haƙoranka sun fi batir tsada, abin da ke cikinsa kuma ba na baki ba ne. Kada ka haɗa sabo da tsoho, tsohon zai janyo sabon ƙasa. In za ka ajiye rediyo na wata guda, cire su, don ruwan batir ya kashe rediyo fiye da yadda faɗuwa ta kashe. Alamar batir ya gaji kuwa ita ce tashoshin nesa su fara ɓacewa, murya ta riƙa shaƙewa in ka ƙara sauti.

Yanzu ga abin da in ka fahimce shi ka gama rabin karatun. Tashar FM tana aiko da sautinta a miƙe ne, shi ya sa in motarku ta yi nisa da gari sai ta ɗauke. Gajeren zango, wato daga megahaz 3 zuwa 30, sama yake nufa. Can sama, kimanin kilomita 200 zuwa 400, akwai wani shimfiɗin iska da hasken rana ke cajawa, shi ke tanƙwaso sautin ya dawo da shi ƙasa a nisan dubban kilomita. Wani lokaci ya sake tashi daga ƙasa ya sake dawowa. Wannan muryar da ke tashi tana sauka, ta yi ƙarfi ta yi rauni, alamar doguwar tafiyar da ta sha ce, don shimfiɗin nan ba ya zama wuri ɗaya. Saboda haka in murya ta nutse, cire hannunka daga maɓalli ka ƙirga zuwa goma. Za ta taso. Mai gaggawa shi ke murɗawa a wannan lokacin, ya rasa tashar gaba ɗaya, ya ƙare da sauraron wani mutum yana zuba Sinanci.

Kuma muryar da kake cewa daga Landan take, a Landan aka yi maganar, amma sau da yawa ba daga can aka harbo ta ba. BBC tana da tashar harba shirye-shirye a tsibirin Ascension, can tsakiyar tekun Atlantika, tun 1966. Muryar Amurka ta daɗe tana harbo Hausa daga tsibirin Sao Tome, Rediyo Faransa kuma daga garin Issoudun. Riƙe wannan, zai yi maka amfani ranar da gardama ta kaure a teburin mai shayi.

Tunda rana ce ke sarrafa shimfiɗin, dokar ita ce: da rana nemi ƙananan mitoci, 13 da 16 da 19, da dare da asuba koma manya, 31 da 41 da 49. Mita 25 tana tsaka-tsaki, takan yi da safe da yamma. Dalili shi ne da rana akwai wani shimfiɗi na ƙasa-ƙasa da ke shanye sautin manyan mitoci, in rana ta faɗi sai ya watse hanya ta buɗe. Wanda ya zauna da azahar yana laluben tashar nesa a mita 49, ya ce rediyonsa ta lalace, ya zalunci baiwar Allah. In kuma akwatinka megahaz aka rubuta a jikinta ba mita ba, lissafin ba wuya: raba 300 da lambar megahaz, abin da ya fito shi ne mita. Megahaz 15 ya ba ka 20, kana unguwar mita 19 ke nan. Rediyon Kaduna da iyayenmu suka sani a kan kilohaz 6090, wato kusan megahaz 6, raba 300 da 6 ka ga ka faɗo kusa da mita 49.

To, ga wurin da ake gane gwani, wato murɗawa. Zauna. Ɗora akwatin a cinya ko kan tabarma, rage sauti zuwa rabi, kama maɓallin da babban yatsa da manuni. A gajeren zango tashoshi a cunkushe suke, tsakanin wata da wata kilohaz 5 ne kacal, a jikin gilashin rediyo kuwa wannan bai kai kaurin allurar kanta ba. Don haka murɗa kamar mai cire ƙaya daga tafin ƙafar yaro: a hankali, da riƙe numfashi, ido a rufe in ta kama. Za ka ji fito, ka ji ƙugi, ka wuce Larabci, ka wuce wa'azin wani fasto, sai can ƙasa ka tsinkayi kalma ɗaya ta Hausa. Kada ka yi murna tukuna. Wuce ta kaɗan har ta fara dushewa, sannan ka dawo baya rabin abin da ka wuce. Nan ne tsakiyarta. Akwai dattijon da na sani, maigadi ne a wata unguwa, ya ɗiga jan farce a gilashin rediyonsa wuri huɗu, kowane ɗigo da tasharsa. Ko cikin duhu, da hasken ashana ɗaya yake kamo abin da yake so. Yi koyi da shi, amma nemi izinin uwargida kafin ka taɓa kwalbar.

Eriya kuwa a zare ta duka, daga gindi ake jan ta ba daga kai ba, kuma ba sandar nuna wa yara hanya ba ce. Gajeren zango da ita yake aiki. Matsakaicin zango shi ne mai amfani da wani sandan da ke ɓoye a ciki, shi ya sa a can juya akwatin kanta ake yi. Za ka lura in ka kama eriya da hannu murya takan ƙaru, domin jikinka ya zama ƙarin eriya. Wannan ba hujja ba ce ta tsayar da ƙaramin ɗanka rabin awa yana riƙe da ita har a gama labarin wasanni. Sallami yaron, nemi siririyar waya mai tsawon mita biyar zuwa goma, naɗa bakinta a eriya, ɗaya bakin ka rataya a reshen darbejiya ko kan katanga. Abu biyu ne a nan ba na wasa ba. Kada wayar ta kusanci wayar lantarki ko kaɗan. In hadari ya haɗo kuma aka fara walƙiya, kwance ta ka shiga ɗaki, labarin zai jira.

Maƙiyan rediyo a yau suna cikin gidanka: cajar waya, ƙwan fitila na zamani, inbata, talabijin, janaretan maƙwabci. Kowannensu na fitar da ƙara da kunne ba ya ji amma rediyo na kwasa. Ɗauki akwatin ka zaga da ita, inda zzzz ya ƙaru, ka kama ɓarawon. Ɗakin kwano da ginin kankare mai rodi su ma suna tare sauti, don haka tsakar gida ta fi ƙuryar ɗaki. Wannan ne ya sa makiyayi a rugarsa, da rediyo rataye a kafaɗa cikin rigarta ta fata, yake jin Landan tas fiye da mai gidan bene a Abuja. Daren da aka ɗauke wuta a unguwa baki ɗaya, kafin a tada janaretoci, gwada ka ji yawan tashoshin da za su fito.

Sai agogo. Tashoshin duniya da agogon GMT suke lissafi. In kana Najeriya, Nijar, Kamaru ko Chadi, ƙara awa ɗaya. Mutanen Kumasi da Accra ba ruwansu da ƙari, agogonsu shi ne GMT. 'Yan uwa na Sudan su ƙara biyu. Sau biyu a shekara kuma, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, tashoshi kan sauya mitocinsu saboda sauyin yanayi. In ka wayi gari jan farcenka ya daina aiki, ba asiri aka yi maka ba. Kasa kunne a ƙarshen shiri, sukan faɗi sababbin mitoci, ka rubuta a bayan kalanda.

Akwai kuma ladubban zama. Ba a magana lokacin kanun labarai, ko sallama a yi ta da hannu. Mai rediyo shi ke da ikon maɓalli, baƙo ba ya miƙa hannu. Wanda ya iso a makare ba shi da damar cewa "me suka ce?" sai an tafi hutun rabin lokaci. Sharhi kuwa sai an rufe tasha, a nan ne kowa zai zama ministan harkokin waje har shayi ya huce. Ladabin da na fi ba muhimmanci shi ne kada ka tsaya a tasha ɗaya. Hausa ta yi sa'ar da harsuna kaɗan suka samu a Afirka: BBC ta fara Hausa ranar 13 ga Maris 1957 da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, Muryar Jamus da Rediyon Sin suka biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyo Faransa a 2007. Kowace tasha da mai ita, kowane mai ita da inda yake kallo. Ji labari ɗaya a bakin biyu ko uku, ka haɗa da na gida, sannan ka yanke hukunci.

Wani zai ce, duk wannan wahala ta mece ce alhali ga waya a aljihu? Tambayi mutanen Zamfara. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro, makonni ba kira ba intanet, wanda ke da akwatin rediyo shi ya san halin da duniya ke ciki. A Nijar an dakatar da Rediyo Faransa a Agustan 2023, aka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Tashar FM da ke cikin gari ana iya kashe ta da takarda ɗaya, sautin da ke saukowa daga sama kuwa ba ya tsayawa a kan iyaka a duba masa fasfo. Ga manomi, ga direban dogon zango, ga tsohuwar da ba ta karatun boko amma ta san sunan shugabannin ƙasashe fiye da jikanta mai digiri. Waɗannan duka batir biyu ko uku ne tsakaninsu da duniya.

Abin da ke damuna shi ne masu tashoshin suna janye jiki. Harba gajeren zango na cin wuta da kuɗi, su kuma suna ƙirga masu bibiyarsu ne a Facebook, inda makiyayi da maigadi ba sa fitowa a lissafi. Muryar Jamus ta rufe tasharta ta Kigali a 2015. A Maris 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da aikin Muryar Amurka, masu murɗawa da asuba suka tarar babu labarai. Mai sauraron gajeren zango ba ya barin sawu, ba wanda ya san ya kunna, saboda haka a takardar masu kasafi kamar babu shi.

Don haka shawara ta ƙarshe aiki ce. Iyayenmu sun riƙa aika wasiƙu ana karantawa a Amsoshin Takardunku, kai ma aika saƙo, ko da ta wayar ɗanka ce. Faɗa musu sunan garinku, da mitar da ka kama su, da ƙarfe nawa, da yadda muryar ta fito, ka ƙara da yawan mutanen da ke zama a gindin rediyonka. Ke ma Hajiya da ke saurare a madafa, a sa naki a ciki. Ku aika a wannan makon.