Ci Gaban Mai Haƙar Rijiya: Yadda Ɗan Ces Zai Yi Lissafin Ƙarshen Shekara

Da zarar an gama casar shinkafa a Tudun Wada, an ɗinke buhunan masara a Doguwa, hunturu ya fara tsaga leɓe, sai kowa ya zauna lissafi. Manomi na ƙirga buhu, ɗan kasuwar Kwanar Ɗangora na bin bashi. Kai kuwa, ɗan'uwa, da ka shekara kana buga darar Bature a waya, wadda ake kira ces, naka lissafin ya fi na kowa ɗaci. A watan Janairu makinka 900 ne, yau ya koma 840, ga shi tun farkon shekara ka bugi ƙirji a majalisa cewa bana sai ka taka 1500. Kwantar da hankalinka. Akwai hanyoyin fita kunya, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke buƙatar ka iya wasan.

Ka fara sanin maƙiyinka, wato lambar nan da ke maƙale kusa da sunanka. Wani malamin kimiyya, Arpad Elo, haifaffen Hangare da ya yi rayuwarsa a Amurka, shi ya tsara yadda ake auna ƙarfin 'yan wasa da lamba, hukumar ces ta duniya FIDE kuma ta karɓi tsarin a 1970. Manhajojin waya duk a kan irin wannan lissafi suka ɗora nasu. Abin da ya sa lambar ba ta da mutunci shi ne ba ta sauraron bayani. Ka ci wanda ya fi ka, ta hau da yawa. Wanda ka fi ya ci ka, ta rikito. Wanda ya ɗara abokin karawarsa da maki 200, ana sa ran zai kwashe kusan uku cikin huɗu na abin da suka buga. Ba ta tambayar ko ka ci abinci, ko kana da mura.

Don haka kada ka taɓa furta lambar tsirara. In aka tambaye ka, ka ce: "Magnus Carlsen, da duk duniya ta sallama masa, iyakarsa 2882, a 2014. Tsakanina da shi dubu biyu ne kacal da 'yan kai." A ƙasar da dubu biyu ba ta cika tankin babur, babu wanda zai ji abin da nisa. Kada ka ƙara da cewa makin waya daban, na FIDE daban. Wannan ilimi ne da bai amfani mai sauraro.

In majalisar ta matsa sai ta ga 1500 da ido, ga dabarar da ba ta cin ko sisi. Dandalin Lichess yana fara wa kowane sabon shiga da 1500, da 'yar alamar tambaya a gefe, ma'ana ba a tantance shi ba tukuna. Ka buɗe sabon asusu, ka shiga wasan farko, ka ɗauki hoton fuskar wayar kafin ka taɓa ko soja ɗaya, ka yanke alamar tambayar, ka tura wa zauren WhatsApp. Buri ya cika. Abin da zai faru da lambar nan da awa ɗaya, tsakaninka ne da Mahaliccinka.

Sai maganar uzuri. Kuskuren sabon shiga shi ne ya riƙe uzuri guda ya yi ta jan sa har ya tsinke. Allah ya hore mana shekara mai yanayi iri-iri, ka raba uzurinka daidai da su. Da bazara zafi ne ya hana ka tunani. Da damina kana gona, wa ya ga ta ces ana neman taki? Da kaka gajiya. Da hunturu yatsa ya ƙage, shi ya sa ka ajiye sarauniya a gidan da ba nan ka nufa ba. Sabis kuwa uzurin kowane wata ne, amma ka yi masa adireshi don ya yi nauyi: ka ce motarku na ratsa dajin Falgore lokacin da agogonka ya ƙare. Duk wanda ya bi hanyar nan daga Tudun Wada zuwa Doguwa zai gyaɗa kai. Sai dai ka riƙa ƙirgawa, don in ka faɗa sau biyar a mako guda, za a fara tambayar abin da ke kai ka dajin kullum, kuma wannan tambaya ce da mai hankali ba ya son a yi masa.

Yanzu ga batun karatu, inda yawancin masu son ci baya ke samun babban rabo. Ka duƙufa wajen haddace buɗe wasa. Ka san Sisiliyan, ka san Ruy Lopez, har ka iya faɗa wa mutane cewa shi Ruy Lopez ɗin limamin coci ne ɗan Sifaniya da ya rubuta littafi a kan ces a 1561. Ka haddace motsi goma sha biyar na farko, reshe-reshe. Amfanin wannan shi ne, abokin karawarka, wani mai maki 800 daga can Indonesiya, bai karanta littafin ba. A motsi na uku zai turo wani soja na gefe da babu shi a haddarka, ka tsaya kana kallon allo, kana jin haushin rashin iliminsa. A motsi na tara kuma dokinsa ya dira wuri guda yana barazana ga sarkinka da sarauniyarka lokaci ɗaya, dole ka janye sarki, ya ɗauke ta. A nan ka samu abin faɗa mai daraja: an ci ka ne don mutumin bai san ƙa'ida ba.

Ko kuma ka rungumi kisan motsi huɗu. Ka tura sojan gaban sarki, ka fito da giwa mai tafiya a karkace, ka cilla sarauniya can gefen allo, duka biyun suna hararar sojan nan da ke kusa da sarkin abokin gaba, wanda babu mai tsaronsa sai sarkin kansa. In bai lura ba, wasa ya ƙare kafin shayinka ya huce. Wannan dabara tana cin mutum sau ɗaya tak a rayuwarsa, don haka tana buƙatar sabbin mutane kullum. Da ka haɗu da wanda aka taɓa yi wa, zai tare, sannan ya bi sarauniyarka da kora lungu-lungu, yana fito da mayaƙansa a kan hanya, naka suna barci a gida.

Tsawon wasa ma a kula. Mai minti goma sha biyar yana ba mutum damar tunani, tunani kuwa shi ke kawo ci gaba, ci gaba kuma ya raba ka da uzurinka. Ka tsaya a kan mai minti ɗaya, musamman ƙarfe biyun dare, bayan an ci ka uku a jere, zuciya ta hau, ka rantse ba za ka kwanta ba sai ka rama. A irin wannan dare ne ake zubar da maki ɗari cikin sauƙi. In uwargida ta farka ta ce, "Maigida, wai da wa kake magana kana tsaki?" ka ce kana bincike ne. Da safe mai cajin waya zai karɓi nasa, mai sayar da data ya karɓi nasa.

Babban haɗarin da ke gabanka a wannan yanki, daga Bebeji har Riruwai, shi ne dattawan da ke buga darar gargajiya a gindin bishiya. Ka nisance su. Suna haƙa gurbi talatin a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. A fara zubawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga tafiya gaba, baya ko gefe. Duk wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokinsa. Ba su da Elo, ba su da agogo sai kiran salla. Amma suna da abin da ke gyara ɗan wasa, wato 'yan kallo marasa tausayi. Mutum bai gama ɗaga hannu daga tsinkensa ba, wani daga baya zai ce, "Kash! Ka kashe kanka." In wasa ya ƙare, kafin a share gurabun, sai an mayar da 'ya'yan inda suke, an nuna wa wanda aka ci daidai gurbin da ya buɗe ƙofa, a gaban kowa, ana dariya. Gobe ba zai sake ba, don kunya malama ce mai bulala.

Wayarka ma tana da irin wannan ɗan kallo. Stockfish ake ce masa, kuma tun da kwamfutar Deep Blue ta doke Garry Kasparov a 1997 irinsu suka yi ta ƙara ƙarfi har suka wuce duk wani ɗan Adam. Maɓallin bita na nan a ƙarshen kowane wasa, zai nuna maka motsin da ya kashe ka da jan alama. Kada ka taɓa shi bayan an ci ka. Ka danna "sabon wasa" da sauri. In kuwa kai ka ci, to ka buɗe bitar, ka daɗe a ciki, ka nuna wa maƙwabta.

In tsautsayi ya kai ka gindin bishiyar da wayarka a hannu, ga yadda za ta kaya. Dattijo zai leƙo ya ce, "Ɗan nan, wannan dokin naka wa ke tsaronsa?"

"Baba, ai wannan tsari ne na Turawa, sadaukarwa ake ce masa."

"To. In ya ɗauka, me za ka ɗauka?"

Shiru.

"Ashe kyauta ce. Allah ya ba da lada."

Mutumin bai san sunan ko ɗa ɗaya a allon ba, amma ya yi tambayar da ta fi haddarka ta shekara amfani. Ka ce masa ces ta fi dara zurfi, gida sittin da huɗu ne da ita, ka tashi ka tafi.

Za a kuma tare ka da cewa wasan Nasara ne. Nan kana da abin kare kai na gaske. Asalinsa Indiya, wajen ƙarni na shida, ya bi ta Farisa ya shiga hannun Larabawa, su suka kai shi Andalus, Turai ta samu. A Borno ma an daɗe ana buga wani nau'insa mai suna tsatsarandi, har Baturen mulki C. K. Meek ya yi rubutu a kansa a 1934. Sai dai ka san inda za ka tsaya da wannan tarihi, don in ka kira wasan shaɗaranji a gaban malamin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, zai tuna maka cewa littafin bai yi wa wasan sassauci ba, ko da yake malaman Shafi'iyya sun fi sauƙaƙawa in babu caca kuma bai hana salla ba. Fatawa ta malamai ce. Abin da na sani kawai, wanda aka tayar da iƙama yana cewa "saura minti ɗaya" ba shi da mai kare shi a kowace mazhaba.

Wani gargaɗin kuma: kada ka koya wa yaran gida. Ka ji labarin Tunde Onakoya, wanda ya kafa shirin koya wa yaran unguwannin talakawa ces a Legas, ya kuma yi awa 60 yana bugawa a dandalin Times Square na birnin New York a Afrilun 2024 don tara kuɗin karatun yara, sai zuciyarka ta motsa, ka ce kai ma za ka fara da ɗan ƙanwarka. Ka tuna Tanitoluwa Adewumi yana ɗan shekara takwas ya cinye gasar 'yan ajinsu ta jihar New York a 2019, kusan shekara guda da fara koyo. Ka tuna Gukesh na Indiya ya zama zakaran duniya a Disamban 2024 yana da shekara 18. Yaro ba ya haddace Sisiliyan, abin da ka bari babu tsaro kawai yake gani, ya ɗauka. Wata uku ya isa ya ce, "Kawu, sarkinka ya mutu," a tsakar gida, a gaban matan gida. Dara ta ci gida ke nan. In har ta faru, ka ce da gangan ka bar masa don ƙarfafa gwiwa, sannan ka aike shi sayen kati, ka ɓoye allon a saman silin.

Saura rubuta burin baɗi. Ƙa'idar ita ce, duk abin da za a iya ƙirgawa kada ya shiga takarda. "Zan warware matsalar dabara goma kullum", "zan duba duk wasan da aka ci ni", "kafin kowane motsi zan tambayi kaina me yake shirin ci", "zan koyi kashe sarki da hasumiya guda": waɗannan su ne ke ɗaga mutum daga 800 zuwa sama, kuma kowa na iya kama ka in ba ka yi ba. Na ƙarshen ma yana da nasa abin kunya. Akwai mai sarauniya da sojoji uku da ke tsare sarkin abokin gaba a lungu, ya toshe masa ko'ina ba tare da ya yi masa barazana ba, manhaja ta ce canjaras. Ka bar wannan baiwa yadda take, tana ba da labari mai daɗi a wurin mai shayi.

Abin da za ka rubuta shi ne: "Zan zurfafa fahimtata ta tsakiyar wasa." "Zan ƙara natsuwa." "Zan nemo salon da ya dace da ɗabi'ata." Ko alƙali bai isa ya tabbatar ba ka cika su ba. Ka ƙara da guda ɗaya mai girma don kwarjini, kamar shiga gasa a Kano, amma ka ɗaura shi a kan sharaɗi: in an samu abokin tafiya, in kuɗin mota ya sauka.

In ma rubutun ya yi maka nauyi, ka nemo takardar bara. Tana cikin littafin da uwargida ta mayar na lissafin adashi, shafi na biyu daga baya. Ka soke shekarar, ka rubuta sabuwa a samanta, 1500 ɗin kuma ka mayar da shi 1600.