Masu Karatun Abin da Ido Ba Ya Gani

Da hutun damina ya kama, motar Dakoro takan sauke mana ƴan jami'a a Mai Yara, kowa da jakarsa da sabon iyayinsa. Mai karatun shari'a an san inda ya dosa, mai karatun malanta ma haka. Masu wuyar sha'ani su ne ƴan biyoshimi, waɗanda suka tafi Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, ko ta Abdou Moumouni a Yamai, wai su karanci abin da ke cikin ƙwayar halitta. Na zauna fadarsu, na sha shayinsu har ruwa na uku, na kuma ware su kamar yadda ake ware iri kafin shuka.

Akwai Likitan Dole. Tun ranar da aka ji ana ba su farar riga, gari ya naɗa shi. Tsohuwa za ta tare shi a bakin rijiya: "Ɗan nan, gwiwar nan ta hana ni barci." Ya durƙusa ya ce, "Inna, ni ba likita ba ne, sinadaran jiki nake karantawa." Ta ce, "To, gwiwa ba jiki ba ce?" Shekarar farko yana musu, ta biyu ya yi shiru, ta uku sai ga farar rigar a shanye bisa danga, inda duk mai wucewa zai gani. Alhamdu lillahi bai taɓa ba kowa magani ba. Iyakarsa ya ce a je asibiti, kuma ko wannan ya ja masa kaji biyu.

Sai Mahaddaci. Wannan, tashe shi tsakar dare ka ce "PCR", zai zubo maka kamar ƙira'a: Kary Mullis ne ya ƙago dabarar a 1983, a digiri 94 igiyoyin gado biyu su rabu, wajen 55 ƴan alamomi su manne, a 72 a saƙa sabuwar igiya, a maimaita sau 30, guntu ɗaya ya zama kusan biliyan. Ya san cewa sinadarin da ke yin saƙar daga wata ƙwayar halitta ya fito, mai rayuwa cikin tafasasshen marmaro na Yellowstone a Amurka. (Wani tsoho da ya ji haka ya ce ai da sun zo Dakoro a watan Afrilu, da sun huta da tafiya.) Amma ranar aikin labo can baya yake laɓewa, ta kan kafaɗun mutane yake hango injin. Miƙa masa pipet, ya riƙe ta kamar an ba kaka wayar shafa.

Wanda ya fi ba ni dariya da tausayi a haɗe shi ne Alhaji Dosiye. Bai je Makka ba, amma ya yi niyyar tafiya ƙasashe sun fi goma. Jakar takardunsa ba ta rabuwa da hammata: takardar haihuwa, sakamakon jarrabawa, hotuna ƙanana tuli. Lissafinsa a kai yake: lisansi shekara 3, masta 2, dakta 3, kuma ba ya son ko ɗaya ta same shi a gida. Kan tudun rairayi yake hawa neman rezo, yana leƙa ko an buɗe bursin Maroko, ko Aljeriya, ko Turkiyya. Ƙofofin kuwa na gaske ne. Akwai WACCBIP a Jami'ar Ghana da ke Legon, inda ake horar da masu binciken ƙwayoyin cuta. Akwai ACEGID a Ede ta Najeriya, inda Farfesa Christian Happi da mutanensa suka karanta rubutun gadon korona a watan Maris na 2020, na farko a Afirka. Ga jami'ar Zariya nan kusa. Sai dai duka da Ingilishi ake magana a can, shi kuwa da Faransanci ya tashi. Abin da ya sani da ADN, yana ƙetare Jibiya sai ya koma DNA. Ya ce min, "Kawu, haruffan ma juya su aka yi don a wahalar da mu."

Kamarad ɗan gwagwarmayar ƙungiyar ɗalibai ta USN ba zan daɗe kansa ba, don shi ma bai daɗe a aji ba. Ya san ranar kowane taro, ranar jarrabawa ce ke shige masa duhu.

Da ni ke raba bursi, Mai Wankin Kwalabe zan ba. Ba ta da surutu a fada, don ba ta ma zama. Ta nemi istaj a tashar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, aka sa ta wanke kwalabe da rubuta lamba a jiki, ta yi ba ta ƙosa ba. A nan ta ga yadda ake kiwon wani ɗan mitsitsin zanzaro, Habrobracon, ana sakinsa a gonaki ya kashe tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Tun daga nan tambaya ta kama ta. Me ya sa geron wannan gona ke jure fari, na waccan ya ƙone? Ta yaya harafi ɗaya tak da ya sauya, cikin wajen biliyan 3, ke lanƙwasa ƙwayar jini kamar lauje har yaro ya kwana yana kukan sikila? Yanzu CERMES ta Yamai take hari, inda ake bin sawun sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro.

Na ƙarshensu Mai Gwaji, wanda ya rantse sai ya nuna wa gidansu ADN ido da ido. Ya ɗauki albasar miya, jar Galmi mai tsada, ya kirɓa a turmi, ya zuba gishiri da ruwan sabulu, ya tace da kallabin ƙanwarsa. Alkol na kantin magani ya sanyaya da ƙanƙarar dala ashirin, ya tsiyaya a hankali ta gefen kofin gilashi. Aka taru, har maƙwabta. Can sai wani farin zare mai yauƙi ya taso, ya naɗo shi da tsinke, hannu na rawa. "Inna, kin gani? Rubutun halittar albasa ke nan!"

Uwar ta matso, ta ƙura ido, ta daɗe. Ta ce, "Shekara uku a Maradi, majinar albasa ka koyo? Tashi ka sayo min wata, magariba ta yi ban ɗora miya ba."